Yawun Kawu a Bakin Karofi

Ni dai yanzu mantuwa ta zama abokiyar zamana. Shekaranjiya na nemi hulata har na tara jikoki ina tuhumarsu ɗaya bayan ɗaya, ashe tana kaina. Amma akwai wata Alhamis guda, tun zamanin Turawa, wadda na sha roƙon Allah Ya haɗa ta da sauran abubuwan da nake mantawa, har yau bai amsa ba. Ba zan manta da ita ba sai ranar da aka tura mini ƙasa. Ita ce ranar da na buɗe rijiyar rinina ta farko.

Garinmu yana tsakanin Ƙiru da Bebeji. A lokacin ina da shekara ashirin da biyar, da mata ɗaya da 'ya ɗaya, da kuma ilimi mai yawan gaske: wata biyar cur na yi a ajin yaƙi da jahilci. Ina rubuta sunana ba tare da na fito da harshe waje ba, ina karanta lambar mota idan ta tsaya. Na sayi alƙalami na maƙala a aljihu, ko da ba tawada a cikinsa, don jama'a su san da wa suke magana. Sa'o'ina da an gama girbi sai su ɗaure tabarma, wasu haƙar kuza a Riruwai, wasu cin rani birni. Ni kuwa na rantse ba zan tsufa ina yi wa wani dako ba. Sana'a nake so tawa ta kaina, a garinmu, wadda zan ci halal da ita.

Shi ya sa na shiga karofi, wato filin da marina ke da rijiyoyinsu na rini, na zauna ƙarƙashin wani tsoho shekara uku. Kawu nake ce masa, amma ba mu haɗa jini ba. Baƙo ne, daga wajen Doguwa ya zo tun ban san kaina ba, shi da matarsa, ba ɗa ba jika. Duk karofin babu mai hannunsa. Idan ya rina maka zane, sai zanen ya yage launin bai gaji ba. Ba ya yawan magana, kuma ba ya awo da komai sai ido da hanci da harshe. Zai ɗaga murfin rijiya ya dubi kumfa, ya shinshina, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya juya ya tofar a ƙasa. Daga nan sai ya ce a tsoma kaya, ko a rufe. Ni abin yana ba ni haushi. A ganina wannan aikin duhun kai ne, ga takarda Allah Ya kawo.

Wata rana da bazara, ana zafi kamar a gasa mutum, na zaro littafina na ce, “Kawu, daga ranar da aka zuba baban rini da toka a rijiya, kwana nawa yake yi ya nuna?”

Ya ce, “Bakwai, in ya ga dama.”

Na rubuta bakwai. “In ya ga dama” kuwa na bar shi a waje, don ban ga ilimi a cikinsa ba.

Wahala kam na sha ta, ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba. Baban da zan yi rini da shi ni na shuka a gefen gonar mahaifina, na yanka, na daka, na shanya. Da kaka ta wuce na kama haƙa ni kaɗai, zurfin gaba biyu, har tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Kawu ya nuna mini yadda ake kwaɓa laso, na shafe cikin rijiyar da shi don kada ta tsotse ruwa. Ruwan kuwa ni da matata muka yi ta jidarsa daga rafi, tulu bayan tulu. Ga azumin Litinin da Alhamis, ga sadakar waina duk Juma'a. Har yau ina ganin da a nan na tsaya, da Allah bai da abin kama ni da shi a wannan sana'a.

Sai na je wurin malaminmu ya zaɓa mini ranar buɗewa. Ya ce Alhamis rana ce mai albarka ga fara sana'a, ya yi mini addu'a, sannan ya ƙara da cewa, “Amma ka tambayi maigidanka ko kayan sun shirya.” Wannan ƙarin ma na bar shi a zauren malam, tare da ƙurar takalmina. Na ƙirga kwana bakwai baya daga Alhamis, na zuba baba da toka da katsi, wato ƙonannen tukar gindin tsohuwar rijiyar rini, na riƙa damawa da muciya safe da yamma. Abin da ban sa a lissafi ba, lokacin tsakiyar sanyi ne, irin wanda ake karya kumallo a bakin wuta.

Ban tsaya nan ba. Na raba goro gida-gida na gayyaci mutane. Na gayyaci surukina, wanda tun ranar da na nemi 'yarsa yake cewa marini da biri hannunsu ɗaya. Na je har gaban mai unguwa na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, ina so farar rigarka ta zama abin da zan fara tsomawa.” Ya ba ni sabuwar rigarsa ta saƙa.

Ranar Alhamis da sassafe ina share bakin rijiya sai ga Kawu, lulluɓe da mayafi. Muka gaisa. Ya ɗaga murfi ya duba. Kumfar fara ce fat, ba ƙyalli. Ya shinshina, ya tsoma yatsa ya kai baki, ya juya ya tofar a ƙasa, nesa da rijiyar, kusa da ƙafata ma. Wasu mata suna wucewa da tuluna a lokacin.

Ya ce, “Bai nuna ba. Ba shi kwana uku.”

Na ce, “Kawu, yau bakwai. Ga shi a rubuce, kai ka faɗa.”

“Da zafi na faɗa. Yanzu sanyi ake yi. Shi ma ji yake.”

“Malam ya ce yau.”

“To, malam ya ɗanɗana?”

Na ce, “Na riga na raba goro.”

Ya ce, “Ɗan nan, goro a sake sayen wani. Ka ce musu su dawo Lahadi, ba wanda zai mutu.” Ya maida murfi ya koma wajen rijiyoyinsa.

Da hantsi jama'a suka taru, aka shimfiɗa tabarmi. Aka yi fatiha. Na yi bisimilla da ƙarfi don na baya su ji, na tsoma rigar mai unguwa, na juya, na matsa, na ɗaga. Idan baba ya nuna, kaya kan fito kore-kore, iska na bugunsa sai ka ga yana komawa shuɗi a idonka. Na ɗaga riga ina jira. Iska ta buga, ta sake bugawa. Riga ta tsaya da launin ruwan da aka wanke tukunya. Na sake tsomawa, na sake, har sau biyar. Wani wuri toka-toka, wani wuri kamar an goge allo da ita. Wani daga baya ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ko akuya aka ba ta tauna da ta fi haka kyau.” Aka fashe da dariya. Surukina bai yi dariya ba, sai ya zaro goron da na ba shi ya ajiye a kan tabarma. Na ji kamar in faɗa rijiyar a rufe da ni.

Cikin wannan dariya wata mata daga cikin masu tuluna ta ce, “Ai ni da safe na ga tsohon can yana tofi a ciki.”

Kowa ya juyo ya dube ni. Na san abin da ta gani, na san abin da ba ta gani ba, yawun ma yana nan a ƙasa bai gama bushewa ba. Amma sai na ga ƙofa ta buɗe mini, na bi ta da gudu. Na sunkuyar da kai irin na mai ladabi na ce, “Ni ma na gani. Girmansa ne ya sa na yi shiru.”

Kawu yana tsaye da muciya a hannu. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Ɗan nan, a ƙasa na tofar. Kana wurin.”

Ni kuwa na buɗe littafina ina dubawa, kamar amsar tana ciki.

Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Da ma hakan aka yi, ya samu wurin rantsuwa. Abin da aka yi shi ne mata suka daina aiko masa da zare, masaƙa suka daina kawo masa ƙyalle. Sauran marina, waɗanda su ma kullum da harshe suke gwada rijiyoyinsu, suka riƙa jan murfi idan ya gitta. Sun san gaskiya sarai, amma baƙon da ya fi su hannu ne, ba su ga dalilin wahalar da bakinsu ba. A masallaci sai ka ga sahu ya cika amma gefensa da 'yar tazara.

Rijiyata kuwa, ranar Litinin na ɗaga murfi na tarar da kumfa ta yi ƙyalli kamar wuyan tantabara. Na tsoma rigar mai unguwa ta fito baƙa wuluk, har ta fi yadda ya nema. Ka san me na ce wa mutane? Na ce rubutun da malam ya ba ni na zuba ne ya karya abin. Ba wani rubutu da na zuba. Garin ya ɗauka: ga yaro mai ibada, an yi masa sammu Allah Ya tsare shi. Duk kayan da da ake kai wa Kawu suka dawo wurina. Kafin ruwan farko ya sauka, Kawu ya ɗora kayansa a kan jaki, matarsa na biye, suka fita ta hanyar Tudun Wada. Ina cikin karofi ina matse zane, ban ɗaga kai ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini barka ba, matata. Duk ranar da na dawo ina ba da labarin yadda ciniki ya buɗe, sai ta ce, “Malam, ni na ɗebo ruwan nan. Na san sanyinsa.” Shekara biyu tana faɗin haka, har na gaji na ɗauki sanda na tafi neman Kawu.

Na same shi a wani ƙauye bayan Doguwa, gindin dutse, yana tufka igiya a ƙofar bukka. Labari ya riga shi isa can, ba wanda ya yarda ya ba shi rijiya. Abin da na fara gani hannuwansa ne. Shuɗin shekara arba'in ya fita tas, sun koma kamar na wanda bai taɓa sana'a ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ce, “Kwana nawa baban ya ƙara?”

Na ce, “Huɗu, Kawu.”

Ya jinjina kai. “Na ce uku. Ashe tsufa ya fara taɓa harshen.”

A nan na fashe da kuka, ƙato da ni da gemu, na ce ya yafe mini. Ya bari sai da na gama, ya ce, “Tsakanina da kai na yafe, tun a hanya. Amma ba a nan ka faɗa ba. A gaban mutane ka faɗa. Ka koma ka gaya musu a ƙasa na tofar. Ba dawowa zan yi ba. So nake kawai in an ambace ni a garin nan, a ce marini.”

Na rantse masa Juma'a mai zuwa zan tashi a ƙofar masallaci in faɗa.

Juma'a ta zo. An sallame, na miƙe, na gyara murya. Sai mai unguwa ya kamo hannuna yana nuna ni ga wasu baƙi, yana cewa, “Ga yaron da nake ba ku labari, wanda Allah Ya kuɓutar.” Baƙin suka ce in sa musu albarka. Na sa. Na ce a raina sai wata Juma'ar. Wata ta zo ana ruwa, wata surukina yana sahun gaba, wata ni ne ba ni da lafiya. Ana cikin haka wani falke ya kawo labarin Kawu ya rasu. Da aka faɗa a karofi, wani ya ce, “Wane? Mai tofin nan?” Ina zaune, na ce Allah Ya jiƙansa, ban ƙara komai ba.

Na yi rijiya shida a karofin nan, na aurar da 'ya'ya, na je Makka. Yau duk waɗanda suka zauna a kan tabarmin nan sun mutu da abin da na gaya musu. Ku da kuke karantawa ba ku san shi ba, ba ku ne ya ce in gaya wa ba. Duk da haka ga shi: a ƙasa ya tofar. Marini ne.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Addu'a da wahala suna kafa sana'a, na gani da idona, amma ba sa wanke ƙaryar da aka kafa ta a kai. Wanda ya ji kunya ya haɗiye abarsa, ta yini ɗaya ce, kada ya lulluɓe ta da sunan Allah ya ɗora wa wani. In kuwa ka riga ka ɓata sunan mutum, ka gyara shi yau, tun masu kunnen da suka ji suna da rai.