Na Kashe wa Mma Murhu

"Wa ya taɓa mini murhu?" Mma ce tsaye a kaina da gwangwanin man kaɗe.

Tun da na sa Linux a laftof ɗina, girafik kad, mai sarrafa hoto, ya ƙi barci. Zafi kamar kasko, batir ba ya kai ni Yendi daga Salaga. Jiya na canza masa direba, manhajar da ke tuƙa shi, ya huce.

Ashe a bakin fankarsa take narkar da man shafa wa gwiwarta kullum!

Na ce, "Mma, ciwo na warkar fa."

Ta ce, "Nasa ka warkar. Nawa fa?"

Jama'a, tsohon direba zan mayar, ko gawayi zan sayo?