Saje Tundup, Wanda Ya Sauka Don Jirgi Ya Tashi

Kafin matuƙan jirgi su gama shan shayi a sansanin soja na Leh, Saje Tundup Gyalson ya riga ya zagaye jirginsa. Komai tsananin sanyi sai ya cire safar hannu, ya bi fukafukan da tafinsa yana laluben tsaga ko ƙanƙarar da ta kwana. Ya leƙa mai, ya taɓa notuna, sannan ya ɗauko batir daga kusa da murhu inda ya kwantar da shi don kada sanyi ya kashe shi. Abokan aiki kan ce ko matarsa ba ta samun irin wannan lallashi. Shi kuwa sai ya ce ai matarsa ba ta taɓa ɗaga mutum goma sama ba.

Makanike ne na jirgi mai saukar ungulu, irin wanda soja ke aike ko'ina: yau buhunan gari da kananzir zuwa bakin iyaka, gobe sojan da sanyi ya cinye wa yatsu. A wannan watan zai yi ritaya. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye cikin duwatsun Zanskar, kuma ba na so ya tafi gida shiru.

Lokacin da aka fara kawo wannan jirgi daga masana'antar kudu, iskar tuddanmu ta ba shi wuya. Ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun abin kamawa, inji yana haki kamar baƙo. Abin da yake ɗauka a can kudu, a nan ko rabi ba ya iyawa.

A wani hunturu cikin waɗannan shekaru ne naƙuda ta tsaya wa matata Yangskit. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ungozomarmu ta ce jaririn ya zo a gicciye, aikin ya fi ƙarfin hannunta. Aka aika mutum a ƙafa zuwa inda ake da rediyo. Da hantsi jirgi ya sauka a gonar sha'ir, Tundup ya fara dirowa. Aka shigar da Yangskit da ungozoma da tukunyar iskar numfashi. Ni tun farko an ce babu wurina.

Matuƙin, Kyaftin Bhandari, ya gwada tashi. Jirgi ya ɗaga kamar kamu ɗaya, ya yi rawa, ya koma ya zauna. Tundup ya wurgo akwatin kayan aikinsa da kujeru. Aka sake gwadawa, bai tashi ba. Sai muka ga Tundup ya kwance ɗamararsa ya sauko, ya rufe ƙofa daga waje.

Kyaftin ya leƙo ta taga ya ce, "Saje, hadari na tafe. In ya rufe ban san ranar dawowa ba."

"Ranka ya daɗe, ni ba naƙuda nake ba. Tashi kawai."

Jirgi ya tashi.

Hadarin kuwa ya rufe, sama ba ta buɗe ba sai bayan kusan wata guda. A gidana Tundup ya zauna, hanyar zuwa wurin rediyo ma ta toshe. Ban san ko matata na raye ba, abinci ya ƙi shiga. Shi ne yake dama mini garin sha'ir a shayin man shanu, ya tura mini kwano yana cewa, "Ci, ƙanena. So kake ta dawo ta tarar da sanda a madadin miji?" Da rana sai ya ja ni mu bi gidaje. Ya gyara bututun murhun tsofaffi, ya tayar da fitilar makaranta da ta daɗe a mace. Da yamma yakan fita shi kaɗai ya tsaya yana kallon wajen Leh yana jan carbi. Na ɗauka jirginsa yake kewa.

Ranar da jirgi ya dawo, Kyaftin ya fara zuwa wurina. Ya ce mace aka samu, uwa da 'ya suna lafiya. Ina cikin kuka na ga ya ja Tundup gefe, ya cire hularsa kafin ya yi magana. Ashe mahaifiyar Tundup tana kwance a asibiti tun kafin su zo, an ma ba shi izinin tafiya wurinta a yammacin ranar da ya sauka a gonarmu. Ta rasu yana gidana. Ko sau ɗaya bai ambata mini ba.

Kai ne, Yaya Tundup, ka zauna kana rarrashina alhali taka zuciyar na can gefen gadon tsohuwa. Ɗan dutse mai sanyin hannu, ban san da wane baki zan gode maka ba.

Bai tsaya nan ba. Duk hunturun da injiniyoyin masana'antar suka hau gwajin sabon inji, shi ne na farkon neman a haɗa shi da su. Suka yi ta aune-aune, shi yana kwana da tashi da injin, yana gaya musu abin da sanyi ke yi wa roba da mai. Ɗaya daga cikinsu ta faɗa mini cewa labarin gonar sha'ir ya zaga ɗakin da suke zana jirage. Da sabon samfurin jirgin ya iso da inji mai ƙarfi, ya sauka a tsaunukan da suka fi namu tsawo, ya tashi da kayansa cif. Tun daga lokacin ba a sake sauke kowa a ƙauyenmu don mara lafiya ya samu wuri ba.

'Yata Kunzes, wadda aka haifa a wancan hunturun, tana koyon aikin jinya yanzu. Da na ce mata zan rubuta wannan, sai ta ce in gaya wa Baba Tundup kada ya kuskura ya zo bikin sallama da tsohuwar rigar nan tasa mai warin mai, ta saƙa masa sabuwa.

Mun gode, Saje. Ku kuma matasan da za ku karɓi kayan aiki daga hannunsa, ku karɓa har da halin. Wata rana jirgi zai yi nauyi, za a duba a ga wanda zai sauka.