Baba Gado, Wanda Ya Sauko da Sirajo a Maiyama

Duk wanda ya bi ta bayan tashar Jega da hantsi ya san rumfar Baba Gado. Yana zaune kan tsohuwar taya, injin ban-ruwa a gabansa, rediyo a rataye jikin ginshiƙi. Manoman albasa daga Aliero da Gehuru suke kawo masa injinansu. Ba ya kwance komai sai ya sa an tayar da injin, ya kasa kunne, sannan ya faɗi ciwon. Kaɗan ne suka san inda ya koyi haka. Shekara goma sha tara ya yi a ɗakin injin jiragen ruwa na ƙasa, har aka sayar da jiragen, ya dawo gida da akwati ɗaya da ɗan littafin shaidar ma'aikacin jirgi mai hotonsa.

Bana idonsa ya raunana, ya ce zai ajiye aiki. Shi ya sa ni, Zaituna ta Sabiyal, na ce sai na faɗi abin da ya yi mini, ko da karatuna bai wuce aji huɗu ba.

Babban ɗana Isiyaku yana bin motar albasa zuwa Legas. Can wani dillali ya ce masa akwai aiki a jirgin ruwa na wata ƙasa. Mu nan, in za ka bi mota, gaisawa kawai za ka yi da direba ka haye. Isiyaku ya ɗauka jirgi ma haka ne, ya shiga ba takarda. Bayan wata bakwai abokinsa ya bugo waya, zazzaɓi ya kashe shi a tsakiyar teku. Baba Gado ya yi sati uku yana neman inda abin ya faru, ko'ina aka ce sunan ba ya cikin jerin ma'aikata. Har yau ban san ruwan da aka saka ɗana ba.

Shekara ba ta zagayo ba dillalin ya nemi ƙanensa Sirajo. Na hana, na yi kuka, Sirajo ya ce gonar ba ta riƙe mu. Wata Talata da safe na tarar da tabarmarsa a naɗe, aka ce an gan shi bisa motar Attahiru, direban albasa. Na hau kabu-kabu zuwa Jega, na zube gaban rumfa. Baba bai tambaye ni komai ba sai sunan direba. Ya bar injin mutane a buɗe, ya hau babur.

Sauran daga bakin Attahiru na ji. A Maiyama suka tsaya shan mai, sai ga tsoho ya tokare gaban mota. Sirajo yana can saman kaya, ya ƙi saukowa. Mutane suka taru, Attahiru yana cewa albasa za ta dahu a rana. Baba bai ɗaga murya ba. Ya daki buhu ɗaya.

"Wanga na wa na?"

"Na Alhaji Shehu na," in ji Sirajo.

Ya daki wani, Sirajo ya ce na Yalwa ne, ga alamar fentinsa nan a jiki.

"To, albasa ma ba ta barin Aliero sai da alamar mai ita. In buhu ya faɗi bisa hanya, an san ƙofar da za a buga. Kai in ka faɗi, wa za a nema? Uwarka ta yi zaman makoki guda babu gawa."

Baba ya ce bai zo hana shi teku ba. Akwai doka da ta ce jiragen da ke jigila tsakanin tashoshin ƙasar nan su zama na 'yan ƙasa, ma'aikatansu ma haka, kuma ta wannan ƙofar zai kai shi. Attahiru ya riga ya tayar da mota lokacin da Sirajo ya wurgo jakarsa ƙasa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Horo, gwajin lafiya, jira, kusan shekara biyu. Baba bai ɓoye masa ba cewa dokar tana nan amma jiragen kaɗan ne. Dillalin bai daina kira ba, ni kuma kullum da asuba sai na leƙa tabarma. Azumin bara Sirajo ya samu gurbi a wani jirgi mai tutar ƙasarmu.

Baba Gado, kai ne ka san teku amma ba ka tsorata ɗana da ita ba. Kai ne ka zauna da shi duk ranar da zuciya ta ɗebe shi, kana koya masa jin ciwon inji. Gwanin kunne, Allah ya saka maka, ya ƙara maka hasken ido. Ku kuma da kuka taɓa yin aiki a nesa, kada ku dawo ku rufe baki. Ku nuna wa na baya ƙofa.

Kafin Sirajo ya tafi ya kawo mini ɗan littafinsa, irin na Baba. Ya nuna mini wurin da aka rubuta wanda za a nema in wani abu ya same shi. Da kaina na karanta, a hankali: Zaituna, Sabiyal.