Muciyar Inna

Inna kuku ce a makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Kabo, kuma da aikin nan ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, amosanin gaɓɓai ya kama ta. Da asuba yatsunta sukan kumbura su sandare, ko maɓallin riga ba ta iya sawa. Ƙwayoyin kemis suka tayar mata da gyambon ciki, likita a Gwarzo ya ce ta bar su kwata-kwata. Ga shi ana ta rage ma'aikata, wanda aka ga alamar gazawa a jikinsa shi ake fara sallama.

Babbar kukunsu wata 'yar Garo ce mai faɗan tsiya, ni kam tsoronta nake ji. Ita ta mayar da tuƙin Inna zuwa tuwon dare, lokacin da yatsun suka saki. Da safe kuwa sai ta dire mata kwanon ruwan ɗumi.

"Tsoma hannun nan, Yaya, kada ki ishe mu da cije baki!"

Duk da haka muciya ta gagari Inna, hannun ba ya rufuwa a kanta. Matar nan ta samo tsohuwar robar tayar keke da tsumma, ta naɗe mariƙin har ya yi kauri. Sai riƙo ya samu. Amma muciya ɗaya mai rawani a cikin sauran ai tonon asiri ce, don haka ta sa kowa ta naɗe tata, har masu hannu kamar taɓarya.

Ranar da mai duba aiki ya zo daga Kano ya tsaya yana kallon muciyoyin, sannan ya dubi babbar kukun.

"Wannan kuma na mene ne, Hajiya?"

"Ranka ya daɗe, haka ake tuƙi a Kabo."

Ya ci tuwo ya tafi. Inna ta yi aikinta har ritaya. Ciwon bai taɓa barinta ba, amma ba mu kwana da yunwa ba.

Bara na kai 'yata makarantar, na leƙa kicin. Inna da babbar kukun duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Muciyoyin suna jingine, kowace da naɗinta. Na tambayi wata matashiyar kuku dalili.

"Wallahi Hajiya, haka muka tarar."

Na ce ta miƙo mini ɗaya in riƙe. Ina riƙe ta, kuka ya ci ƙarfina.