Baba Boubacar, Kocin Da Ba Ya Yarda Da "Lafiya Lau"

Da asuba Baba Boubacar yake tayar da motar kamfani a Muhaisnah, wata unguwa a Dubai. Ya kwashi leburori zuwa wurin gini, da yamma ya dawo da su sun yi laushi. Haka yake shekara da shekaru. Lahadi ce kaɗai tasa. Ranar, kafin la'asar, yana filin rairayin da ke bayan masaukin ma'aikata, da buhun sanduna da ƙwallaye, da jarkar ruwa, yana cika butoci.

Besbol yake koyarwa, wasan da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo da duk ƙarfin kafaɗarsa, wani ya make ta da sanda ya ruga. Baba mutumin Damagaram ne. Bai taɓa ganin wasan ba sai a Dubai, wurin 'yan Filifin da yake ɗauka a mota. Ya koya, ya tara samarinmu, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, masu dako da masu gadi, ya sa wa ƙungiyar suna Sahel. Ba wanda ke biyansa.

Ba shi da daɗin zama, wannan kowa ya sani. Kallon ƙasa-ƙasa yake wa mutane. In Sahel ta ci wasa, ya ce abokan karawa ne suka yi barci. In an ci ta, ya ce, "Bon, yanzu mun san kanmu." In aka yaba masa wani yaro, ya ce a sake tambayarsa in an ga sabon wata. Abin da ya fi tsana kuwa amsar gaisuwa.

"Mutanenmu," in ji shi, "ko ƙafar mutum na hannunsa, ka ce ya jiki, lafiya lau zai ce maka."

Don haka ba tambaya yake dogara da ita ba. Dokarsa guda: ba mai taɓa ƙwallo sai an yi la'asar cikin jam'i. Shi ke miƙa butoci, sannan ya zauna kan jarka yana jan carbi. Ana ɗauka tsoron Allah ne kawai. Akwai shi, amma akwai wani abu. Alwala yake kallo. Wanda ya tsuguna yana cije leɓe, gwiwa ce. Wanda hannunsa ya kasa kaiwa ƙeya wajen shafar kai, kafaɗa ce. Baki na iya ɓoyewa, jiki ba ya iyawa.

Haka ya kama Nafiou.

Nafiou ɗan Maradi ne, kuma ba wanda ya kai shi jifa a ƙungiyar. Dako yake a wani shagon kayan yaji a unguwar Al Ras, buhunan citta da kanumfari daga mota zuwa sito. Bizarsa ta kusa ƙarewa, sabuntawa kuwa sai mai shago ya ga dama. Ba mai shagon da ke riƙe ɗan dakon da ba shi da kafaɗa.

Ranar wasan ƙarshe na kofin ma'aikata ce, Sahel da ƙungiyar wani otal, kusan dukansu 'yan Filifin. Sahel ba ta taɓa kaiwa nan ba. Bayan sallah Baba ya ja Nafiou bayan mota.

"Ya jikin?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ɗaga hannun dama ka taɓo kunnen hagu ta saman kai."

Nafiou ya tsaya yana kallon rairayi.

"Buhu ne ya zame mini. Shwaiya ne, ɗan kaɗan, wallahi. Don Allah kar patron, mai shagonmu, ya ji."

"Yau ba ka jifa."

"Baba, ko kaɗan ne in yi. Ba mu da wani."

"Ka yi jifa yau, gobe da me za ka ɗau buhu? Khalas, magana ta ƙare."

Da suka dawo, ya ce Nafiou zai zauna a benci. Aka tambayi dalili. Ya ce, "Ni ne koci." Bai ƙara ba.

An ci Sahel ci mai muni. Tun kafin a tattara sanduna magana ta fara yawo. Fahad ne ya buɗe ta, Bakanon da ke cafke ƙwallo a bayan mai bugu, wanda shagonsu ke jikin na su Nafiou.

"Baba, habibi, me abokan naka suka ba ka ne? Ko shinkafar otal ce, a sam mana."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Aka ce ya sayar da wasa. Aka ce tsohuwar gaba ce tsakanin Damagaram da Maradi. Aka ce ai dama wannan kallon da yake wa mutane, rahoto yake kai wa kamfanoni. Samari suka fara janye jiki. Akwai Lahadin da butoci suka fi mutane yawa. A masallaci wasu kan ba shi hannu suna kallon wani wuri.

Kalma ɗaya za ta wanke shi. Amma in ya faɗe ta, kafin magariba za ta isa Al Ras, kunnen mai shagon. Ya haɗiye ta.

Abin da ya yi, ya kai Nafiou wurin likita a ɓoye, ya sa shi ya nemi hutunsa na shekara da wuri, ya zaunar da shi a ɗakinsa, ya hana shi ɗaukar ko bokiti. Kafaɗa ta warke a hankali. Nafiou ya koma sito. Aka sabunta biza.

Yanzu shekaru sun cim ma Baba, kamfani ya sallame shi, jibi zai tashi. A shayin bankwana da aka yi masa a filin, Nafiou ya miƙe ya faɗi komai, shi ya sa yau ake iya rubutawa. Fahad ya juya kofin shayinsa.

"To me ya hana shi faɗa tun ranar?"

"Ya faɗa wa wa?" in ji Nafiou. "Kai?"

Fahad ya ajiye kofin. Baba kuwa sai ya ce wa wani ya daina zama kan safar hannun cafke ƙwallo.

Baba Boubacar, kai ne ka yarda a zarge ka don kar a kori yaron wani. Kai ne mai ido, mai gajeren baki. Ba ka ci kofi ba. Har yau akwai masu cewa labarin bai cika ba, kuma mun san ba za ka tsaya yi musu bayani ba. Mun gode. Allah ya kai ka Damagaram lafiya, ya rufa maka asiri yadda ka rufa na wani.

Mu da muka rage, a ɗakunanmu da wuraren aikinmu akwai masu ɗauke da ciwon da ba za su iya faɗa ba, don takardarsu na hannun wani. Mu riƙa dubawa. In mun gani, mu taimaka, mu kuma kama bakinmu.

Baba zai hau jirgi da jaka guda. A daidai lokacin, Nafiou na Al Ras, buhu a kafaɗa.