Sifikar da na ce wa Baba ta ƙone

Shekarun baya, wajen takwas ke nan, na sayi gangar lantarki a wurin 'yan gwanjo. Irin ta Turawan nan ce: fayafayan roba a jere kan ƙarfe, da feda biyu, da ɗan akwatin da sautin yake ciki, da 'yar sifika. Na ce wa matata don motsa jiki na saya. Ta dube ni, ta dubi tumbina, ta ce, "To, Allah Ya sa a dace." Gaskiyar magana jini ne ya motsa. Mahaifina makaɗin kalangu ne, ya fi shekara arba'in yana yi wa mahautan Gyaɗi-Gyaɗi kiɗa.

Wannan kuwa ba wanda ya sani a layinmu na Tarauni. Ni ne ɗan fari, ana yaye ni aka ba kawuna riƙona, malamin makaranta ne, a hannunsa na tashi. Da na samu aikin gwamnati a sashen gyaran na'urori sai na kama haya cikin manya, har suka naɗa ni sakataren kwamitin masallaci. In an tambayi sana'ar Baba sai in ce yana harkar nama. Gangar ma da hedifon nake buga ta, ƙofa a rufe.

Ana nan sai ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Mahaifiyata ta riga ta rasu, don haka na ɗauko shi ya dawo wurina. Kalangu hannu biyu yake so. Dama ta buga, hagu ta matse shi a hammata, matsin nan ne ke sa muryarsa ta hau ta sauka har ya yi magana. Baba zai wuni yana kallon kalangunsa a rataye, abinci ma sai an yi da gaske.

Tausayinsa ya kama ni, na ce bari in gwada abin da na iya. Na buga kalangun nasa na naɗi sautin, na zuba a cikin akwatin gangar. Na kwance feda ɗaya na sauya mata aiki, yadda in an taka murya za ta hau, in an saki ta sauka. Na sauko da faifai guda daidai kujerarsa. Asabar uku na kashe a kai, na ƙona yatsa da dalma ba adadi.

Ranar gwaji, da la'asar, ya ɗauki sandar kiɗansa ya taɓa, ya taka da ƙafar dama, sai ga kalangu ya yi magana ta cikin sifika. Can ya ce, "Ikon Allah. Ashe ƙafa ma tana da hammata." Ya yi ta kiɗa har aka kira magariba. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin ciwon.

Washegari a ƙofar masallaci wani Alhaji maƙwabcina ya ce, "Sakatare, jiya sa aka yanka a gidanka ne ba a aiko mana ba?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Ina komawa gida na buɗe bayan sifikar, na sa almakashi na yanke jar waya guda ɗaya, na mayar na ɗaure.

"Baba, wuta ce aka kawo da ƙarfi ta ƙone ta. Ga wannan, ka sa a kunne, za ka ji komai."

Ya jujjuya hedifon ɗin ya ce, "Ni zan ji. To wa kuma?"

Duk da haka ya karɓa. Kullum bayan la'asar sai a ji ƙas-ƙas ɗin sanda a kan roba daga ɗakinsa, ba wata murya. Bayan kwana biyu sai ya ce, "Kai, har yanzu ba a samu gyaran abin nan ba? Akwai abin da nake so ka ji." Bai taɓa kiran sunana ba, kunyar ɗan fari, "kai" ne kawai.

Wata rana na ce, "To miƙo hedifon ɗin in ji mana."

Ya girgiza kai. "Wannan ba na raɗa ba ne. A fili ake yin sa."

Na ce sai an kawo kayan gyara daga Legas. Ni da na sa ƙafa ta yi aikin hammata, wai waya ɗaya ta gagare ni wata biyar. Na san ya gane, don daga baya ya daina tambaya.

Wata Talata da hantsi ina ofis matata ta kira ni. Kafin in iso Baba ya cika.

Ranar uku tsofaffin mahauta suka cika rumfar makoki, suna ba da labarinsa da ƙarfi, kowa na ji. Alhajin nan ya matso ya ce, "Haba Sakatare, ashe shi ne a gidanka? Ai shi ya yi kiɗa a bikin yayana. Da na sani da na shigo mun gaisa."

A cikin gida gwaggona, ƙanwar Baba, ta ja ni gefe. Ta ce, "Ya kaɗa maka?" Na ce me? Ta ce, "Takenka. Ranar sunanka ya yi maka shi, sau ɗaya, bai ƙara ba don kunya. Da na zo dubiya ya ce min yanzu da ya samu ganga, sai ya kira ka da shi jama'a na ji kafin ya tafi."

Bayan kwana bakwai na haɗa wayar. Minti goma ba ta ci ba. Na bi mahautan ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya riƙe taken. Matata ce kaɗai ta haddace bugun saboda yawan ji, ta ƙwanƙwasa min a bayan tire. Amma maganar tana cikin hawa da saukar murya, ita kuma a kunnen Baba kaɗai ta tsaya.

Ba zan ce abin ya wuce ba. Kunya iri biyu ce ta haɗu a gidan nan: tasa ta mutunci, tawa ta banza, kuma tawa ce ta ci. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, ɗan makaɗi ne ni, sai dai ba wanda amsar za ta yi wa amfani.

Gangar tana falo, sifika a haɗe, taga a buɗe. Wani lokacin bayan la'asar nakan zauna in buga abin da matata ta koya min, in taka feda nan, in saki can, ko zan dace. Watakila ma na taɓa dacewa. Babu wanda zai gaya min.