Duwatsun da na kwashe a mararraba

Shekarun baya, lokacin da tseren baburan nan na Anasara yake ratsowa ta ƙasarmu ya nufi hamada, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Yaran yanzu ba su san tseren ba, an daɗe da daina shi. Mu kuwa a ƙauyenmu na bayan Affala, ranar wucewarsu ko kasuwa ba ta cika.

Lokacin ina sabon ango, ina ji da ƙarfi. Ina jera duwatsu a gonar mahaifiyata don su tare ruwan damina, kamar yadda kowa ke yi a Adar. Ni kuma da son banza, sai na hango tarin duwatsu a mararraba, har an shafa musu farin fenti. Na ce tsuntsu daga sama gasasshe. Sawu uku na yi da amalanken jaki, ban bar ko ɗaya ba.

Ashe masu shirya tseren ne suka tara su, alama ce ta a karya hagu. Tsohuwar hanyar da ta miƙe ruwa ya cinye ta, ta ƙare a bakin wani kwazazzabo da zurfinsa ya fi gaba uku.

Ranar tseren da hantsi abokina ya shigo gidanmu yana haki. Ya ce mai babur na farko ya miƙe ta tsohuwar hanyar, da ƙyar ya kayar da babur ɗinsa taku kaɗan kafin ramin, ya tashi yana ɗingishi. Sauran kuma suna tafe a baya.

Mahaifiyata tana daka. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Kai, hwararen duwatsun ga na gonata, ina kaɗ ɗauko su?"

Na fara kame-kame. "Inna, ai ba su da mai su."

"Dutsi ba ya tara kainai. Ɗaura wa jaki amalanke ka maido su."

Iyakar faɗan ke nan. Ta zari mayafinta ta yi waje. Da na iso da sawun farko, na same ta tsaye a tsakiyar tsohuwar hanyar, tana kaɗa mayafin tana nuna hagu. Babur zai taho kamar zai bi ta kanta, ba ta matsawa, sai ya karya. Wasu su ɗaga mata hannu, wani kuma ya daka mata tsawa da yarensu, ina jin zagi ne. Haka ta tsaya har la'asar, ni kuwa ina kammala tarina na ƙarshensu yana wucewa.

Ba ta taɓa gaya wa maigari ba, ba ta kuma sake tayar mini da maganar ba har ta rasu. Abokina ne dai ya shekara yana tambayata ko akwai sauran duwatsu marasa mai su.

Yau na wuce shekarun da take da su a wancan lokacin, kuma ina gode wa Allah da ban tsufa da alhakin ran kowa a wuyana ba. Wani lokacin nakan ce, can wata ƙasa akwai dattijon da ke ba jikokinsa labarin wata tsohuwa da ta tare masa hanya ta ɓata masa gudu. Bai san abin da ke bayanta ba. Ni na sani. Allah Ya jiƙan Inna.